Cibiyoyin Nazarin Manufofi da Tasirinsu Kan Hukuma: Misali Daga Kuru

1.0 Gabatarwa

Abin da ake nufi da cibiyar nazarin manufofi shi ne wurin da ake tara masana da ƙwararru domin su yi wa matsalolin ƙasa duban tsanaki, su kuma shawarci masu mulki. Ba ta kafa doka, ba ta kuma zartar da ita. Iyakarta ta ba da shawara. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: ta wace kafa shawarar da ba ta da ƙarfin doka take zama manufar gwamnati? An ɗauki Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabaru ta Ƙasa (NIPSS) da ke Kuru, kusa da Jos, a matsayin misali.

2.0 Kafuwa da Tsari

Gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ce ta kafa cibiyar a 1979, shekarar da aka miƙa mulki ga farar hula. Kafin ta akwai Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Legas tun 1961, da ta nazarin zamantakewa da tattalin arziki da ke Ibadan. Sai dai waɗannan aikinsu ya fi karkata ga bincike da wallafa. Ita kuwa ta Kuru, ban da bincike, an ɗora mata horar da manya.

Kowace shekara akan zaɓo manyan hafsoshin soja da na 'yan sanda, da manyan ma'aikatan gwamnatin tarayya da na jihohi, da wakilan ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan kasuwa, su zauna tare kimanin wata 10. Fadar shugaban ƙasa ke amincewa da jigon da za a nazarta. Sukan zaga jihohi da wasu ƙasashe, sa'an nan su gabatar da rahoto ga shugaban ƙasa. Wanda ya kammala yakan liƙa haruffan mni a bayan sunansa.

3.0 Kafar Tasiri

A zahiri rahoton nan shi ne amfanin gonar. Amma rahoto takarda ce, kuma babu abin da ya tilasta wa shugaba aiki da ita. In ya ga dama ya ajiye. Kafar da ta fi ƙarfi ita ce ta mutanen da kansu. Kanar da babban sakatare da ɗan ƙwadago, waɗanda a da sai dai su haɗu a teburin jayayya, sukan yi watanni suna ci tare suna muhawara, su rabu da sanayya da kalmomin aiki iri ɗaya. Alal misali, Ibrahim Babangida yana cikin rukunin farko, ya kuwa zama shugaban ƙasa a 1985. Haka nan Muhammad Sa'ad Abubakar yana tsakiyar kwas a Kuru aka naɗa shi Sarkin Musulmi a 2006.

Wannan kusanci da hukuma, shi ne kuma raunin cibiyar. Chatham House ta Ingila, wadda aka kafa a 1920, ba ma'aikatar gwamnati ba ce. Ta Kuru kuwa gwamnati ke ba ta kuɗi, ita ke naɗa shugabanta, kuma galibin mahalarta ma'aikatanta ne da za su koma ofis bayan kwas. Da wuya wanda ke jiran ƙarin girma ya rubuta cewa manufar maigidansa kuskure ce, ko da binciken da ya yi a jihohi ya nuna masa hakan.