Ciwon tsoka a Ribah: abin da ake faɗa da abin da ya tabbata

A Ribah, hedkwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru, damina ba ta wucewa sai ta bar mutane da ciwon baya da na cinya. Mai huɗa, saurayi mai noman golmo, ɗan kokawar bikin Uhola, kowa da maganin da aka gaya masa.

An ce in tsoka ta yage, a murza da ƙarfi, a gasa da ruwan zafi nan take. Ba haka ba ne. Jini take zubarwa daga ciki, murza da gashi kuwa ƙara kumburi suke yi. Kwana biyun farko hutu take so da tsumma mai sanyi, a ɗaga ƙafar sama. Gashi sai daga baya.

Ba a raina masu ɗori, amma ɗauri mai tsauri da karare yana tare jini, tsoka kuma tana mutuwa cikin sa'o'i. In yatsu suka yi sanyi ko baƙi, ko zogi ya ƙi lafawa, a kwance, a nufi asibiti a ranar. Yara da dama a Arewa ta wannan hanyar suka rasa hannu.

In ƙafar yaro ta shanye, sai a ce: "Allura ce ta shanye masa ƙafa." Wannan da ƙamshin gaskiya. Akwai babbar jijiya da ta bi ta ɗuwawu zuwa ƙafa. In wanda bai ƙware ba ya soke ta, yaro na iya komawa jan ƙafa. Sai dai wannan daban yake da shan inna, wadda ƙwayar cuta ke haddasawa. Ɗigon rigakafi ne ya sa a 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da asalin nau'inta.

Cinya ta kumbura, ta yi tauri, ga zazzaɓi, sai a ce jifa ne. Sau da yawa mugunya ce ta taru can cikin tsoka, inda ƙahon wanzami ba ya kaiwa. Sai likita ya tsaga ya fitar, ya ba da magani.

Tramadol kuma ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Zafi yake rufewa, mutum ya ci gaba da ɓarnar jikinsa bai sani ba. Wanda ya wuni yana noma cikin rana, ya ga fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi, tsokarsa ce ke narkewa, kuma ƙoda take shirin taɓawa. Ya sha ruwa sosai, a kai shi asibiti kafin dare.