Hular bere ta kwarashi: awo da ƙirge su ne jarin mai saƙa

Da hunturu ya kawo jiki, kasuwanninmu kan cika da hulunan sanyi na kanti da na gwanjo, masu arha kamar a ba ka kyauta. Sai mai saƙar hannu ta tsaya tana tambayar kanta: shin akwai sauran riba a zama da kwarashi da zare? Akwai, amma ga wadda ta iya awo. Hular bere, wato faffaɗar hular nan mara baki da wasu ke kira hular soja, ita ce ta fi nuna haka a fili.

Daga makiyaya zuwa bariki

Asalin bere na makiyayan tumaki ne a tsaunukan Firene, kan iyakar Faransa da Sifaniya, a yankin Beyarn da ƙasar Bask. Da gashin tumakinsu suke saƙa ta da girma sosai, sai a jiƙa ta a yi ta bugu har gashin ya cuɗe ya tsuke ya zama kamar bargo, ruwan sama ba ya ratsa shi da wuri. Ɗan wutsiyar nan da ke tsakiyar kanta ma ragowar bakin zaren da aka fara saƙa da shi ne.

Daga baya masana'antu suka karɓi aikin. Kamfanin Laulhère da ke garin Oloron-Sainte-Marie ya samo asali tun 1840, kuma har yau yana yi. A 1889 sojojin Faransa na kan tsaunuka suka mai da ita kayan sarki, rundunar tankokin Ingila ta ɗauki baƙa a 1924, masu kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya kuma aka san su da shuɗiya. Hoton Che Guevara na 1960 ya kai ta ko'ina a duniya. A nahiyarmu, Thomas Sankara na Burkina Faso da jar bere aka fi tuna shi. A Yuganda kuwa, a 2019 gwamnati ta sa jar bere cikin jerin kayan soja, a lokacin da magoya bayan Bobi Wine suka mai da ita alamarsu. Don haka mai saƙa don sayarwa ta yi hattara, ta guji launi da tambarin da za su sa hularta ta yi kama da ta jami'an tsaro.

Duk da wannan suna, hulunan waje masu arha sun durƙusar da yawancin masana'antun bere na Faransa. To in manyan kamfanoni sun kasa gasar farashi, ina ga mai zare ƙulli ɗaya? Abin da take da shi wanda kanti ba shi da shi ɗaya ne: za ta auna kan mai hula ta yi masa daidai da shi.

Yadda ake fitar da siffar

Bere ta masana'anta bugu da katakon gwaji ne ke ba ta siffa. Ta kwarashi kuwa ƙirge ne kawai. Kayan aiki ba su da yawa: zare mai matsakaicin kauri kamar giram 100, kwarashi mai milimita 4 zuwa 5, tef na awo, almakashi, da ɗan guntun zare mai wani launi don alamar farkon zagaye.

Da farko a auna kai, daga goshi a bi ta saman kunnuwa. Na babba yakan kama santimita 54 zuwa 58. In za a ɗora hular a kan ƙaramin hijabi ko kitso mai tudu, to a auna da su a kai.

Ana farawa daga tsakiya. A yi ɗan zobe, a saka dogon ƙulli 12 a cikinsa, wato wanda ake naɗa zare a kwarashi sau ɗaya kafin a soka. Zagaye na biyu a sa biyu a kowane ido, ya zama 24. Na uku 36, na huɗu 48, haka nan ana ƙara 12 kowane zagaye. Mai amfani da gajeren ƙulli kuma 6 za ta riƙa ƙarawa, tunda tsayinsa kusan rabin na dogon ne.

Me ya sa 12? Darasin da'ira ne da muke koyarwa a aji: kewaye ya ninka faɗi sau 3.14. Duk zagayen da aka ƙara, faɗin faifan yana ƙaruwa da tsayin ƙulli biyu, dole kewaye ya bi shi. In ƙarin ya yi kaɗan sai saƙar ta lanƙwashe kamar ƙwarya. In ya yi yawa sai bakinta ya yi ta tattarewa kamar ganyen latas. A riƙa shimfiɗa ta a kan tebur bayan kowane zagaye biyu, ita da kanta za ta faɗi gaskiya.

A ci gaba har faifan ya kai faɗin santimita 26 zuwa 28 ga babba. Da irin wannan zare yakan kai wajen zagaye 10, ƙulli 120, amma hannu ya bambanta, don haka a bi tef. Sai a yi zagaye biyu ko uku ba ƙari ba ragi, nan ne hular ke karyewa ta juya ciki. Daga nan a shiga ragi, ana haɗa ido biyu su zama ɗaya, sau 12 a kowane zagaye: 108, 96, 84, 72. A tsaya idan bakin ya gaza awon kai da santimita 3 zuwa 4, domin saƙa tana buɗewa da sawa. A rufe da gajeren ƙulli zagaye huɗu ko biyar, da kwarashin da ya ɗan fi ƙanƙanta, don bakin ya kama kai.

Zare da wanki

Zaren roba da ya cika kasuwa yana da arha da launuka, sai dai yana riƙe zafi, kuma dutsen guga na narkar da shi. Ya dace da sanyin asuba na hunturu. Na auduga ya fi shan iska, amma ba ya komawa in ya buɗe, sai a zura siririyar roba a bakin. Ulu na gaske kuwa kada ya ga ruwan zafi da cuɗa, in ba haka ba abin da makiyayan Firene ke yi da gangan zai faru, hular babba ta koma ta jariri. Bayan an gama, a jiƙa ta, a matse a hankali, a sa faranti mai faɗin faifan a cikinta, a bar ta ta bushe a inuwa.

Sai batun kuɗi, inda mata da yawa ke cutar kansu. Su lissafa zare kawai, su manta da awannin da suka zauna. A rubuta kuɗin zare, a rubuta lokaci, a sa wa lokacin farashi. A kuma ajiye ɗan littafi na awon kowane mai saye da yawan ƙullin da ya yi masa daidai, ta yadda in ya dawo neman wani launi ba sai an sake gwaji ba. Yarinyar da ta iya wannan ta iya kewaye da faɗi, ta iya jadawalin 12, ta kuma iya riƙe littafin ciniki. Iyaye da malamai, a ba su zare da tef a hutun nan. Allah ya sa albarka a hannu.