Giyar Haƙori Ko Giyar Mai: Wace Tarakta Ce Za Ta Jure Wa Gonakinmu?

A 'yan shekarun nan harkar tarakta ta shigo Zango sosai. Da can abin na gwamnati ne da manyan manoma, amma yanzu sai ka ga ɗan kasuwar hatsi a Tamale ko Techiman ya tattara abin da ya tara ya sayi guda, ko 'yan'uwa sun yi karo-karo sun saya, ko kuwa wani ɗa da ke Amurka ko Jamus ya aiko wa mahaifinsa da ita a kwantena ta tashar Tema. Kuɗin da ake zubawa a wannan harka ba ƙanana ba ne, sau da yawa gumin shekara goma ne ko fiye. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan wata mu yi bayani a kan wani abu da masu saye ba su cika dubawa ba, alhali kuwa shi ne ƙashin bayan tarakta, wato giyarta.

Mai saye yakan duba fenti, ya duba taya, ya saurari kukan inji, ya tambayi ƙarfin doki nawa ne. Duk wannan daidai ne. Amma inji komai ƙarfinsa, sai giya ta ɗauki wannan ƙarfi ta kai shi ga tayoyi sa'an nan garma za ta shiga ƙasa. Giyar tarakta kuwa iri biyu ce muke gani a ƙasar nan. Akwai ta haƙori, wadda kowa ya sani, mai kuloci da sanda. Akwai kuma ta mai, wadda makanikai ke kira haidiro, ita ce ake yawan samu a ƙananan taraktocin da ake aikowa daga ƙasashen waje.

YADDA KOWACCE KE AIKI

Giyar haƙori ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Ƙarafa ne masu haƙora, manya da ƙanana, suna cizon juna a cikin akwati mai cike da mai. Direba ya taka kuloci ya raba inji da giya, ya zaɓi lambar da yake so, ya saki. Tsohuwar Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, da yawanta giya 6 gare su na gaba da 2 na baya. Ƙannenta irin su 375 da 385, waɗanda kamfanin Millat ke haɗawa a Lahore ta ƙasar Pakistan, suna da 8 na gaba da 2 na baya. Ƙarfe ne ke tura ƙarfe, shi ya sa abin da ke ɓacewa a hanya daga ƙarfin inji kaɗan ne, kimanin kashi 10 cikin 100.

Giyar mai kuwa wata hikima ce dabam. Inji yana juya wani famfo mai ƙananan fistin da aka jera a da'ira. Famfon ya matsa mai ya tura shi cikin wata na'ura mai kama da shi, ita kuma ta juya tayoyi. A jikin famfon akwai wani faifan ƙarfe da ke karkacewa. In direba ya taka feda kaɗan, faifan ya karkata kaɗan, mai kaɗan ya wuce, tarakta ta yi tafiyar hawainiya. In ya ƙara takawa, ta ƙara sauri. In ya taka ta baya, faifan ya karkata ɗaya ɓangaren, mai ya juya, tarakta ta koma da baya. Ba canjin giya a kan tafiya, ba wasa da kuloci. Matsin man da ke ciki yakan ninka na iskar tayar mota sau 100 ko fiye, kuma ratar da ke tsakanin fistin da ramukansu ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A riƙe waɗannan abubuwa biyu, domin a kansu maganar ƙarko ta rataya.

Wannan fasaha ba sabuwa ba ce. Tun 1967 kamfanin International Harvester na Amurka ya fito da tarakta samfurin 656 mai giyar mai. Manoma sun yaba mata wajen ayyukan da ke son a daidaita sauri, amma wajen jan garma mai nauyi ba ta ture giyar haƙori ba. A 1995 kamfanin Fendt na Jamus ya nuna wata giya mai suna Vario, wadda ta raba ƙarfin inji hanya biyu, wani ya bi ta haƙori wani ya bi ta mai. Wannan ya nuna mana cewa su kansu maƙeran, da suka zo kan manyan taraktoci, ba su bar wa mai shi kaɗai ɗaukar kayan ba.

ABOKAN GABA UKU: ZAFI, ƘURA DA GURƁATACCEN MAI

Abu na farko shi ne zafi. A giyar mai, abin da ke ɓacewa daga ƙarfin inji yakan kai kashi 20 cikin 100 ko ya wuce, kuma ba ko'ina yake tafiya ba, zafi yake komawa a cikin man. Shi ya sa ake sa mata ƙaramin lagireto na sanyaya mai. To, mu duba irin aikinmu. A nan ƙasar yawancin aikin tarakta huɗa ce da garma mai faifai 3, daga asuba har dare, a ƙasar da ta sha rani ta ƙeƙashe. Wannan ja ne mai nauyi wanda ba ya sassautawa. In mai ya yi zafi ya wuce kima sai ya tsinke kamar ruwa, ya daina raba ƙarfe da ƙarfe, fistin su fara cin ramukansu. Alamar da direba zai gani ita ce, da safe tarakta na ja lafiya, amma da rana ta take sai ƙarfinta ya ragu, tana kuka ba ta ci gaba. In an kai nan, ɓarna ta riga ta auku.

Na biyu ita ce ƙura. Kowa ya san yadda hunturu yake a Yendi ko Walewale ko Bawku. Ƙurar da ta shiga akwatin giyar haƙori tana ɓarna, amma a hankali, shekara da shekaru. A giyar mai kuwa, ɗan yashin da ido ba ya gani ya isa ya karce fuskar famfo, kuma karce ɗaya ke haifar da wani, domin garin ƙarfen da ya fita zai ci gaba da zagayawa cikin man. Haka kuma ƙaiƙayi da ciyawa sukan toshe lagireton mai, zafi ya ƙaru.

Na uku shi ne man da muke zubawa. Mun sha ganin ana auna mai a galan ɗin da aka ɗebi gas da shi jiya, a zuba da mazurarin da ya kwana a ƙasa. Wani ma baƙin man inji yake ƙarawa in na giya ya ragu. Tsohuwar Massey takan haƙura da wannan rashin mutunci na wani lokaci. Haidiro ba ta haƙuri. Tana son ainihin man da littafinta ya faɗa, da matacin mai na gaske, a kuma canja su a kan awoyin da aka ƙayyade, ko da kuwa ana tsakiyar aiki.

Akwai kuma wata al'ada tamu da ya kamata a ambata. In batir ya mutu ko sitata ta ƙi, sai a ajiye tarakta a gangare ko a ja ta da wata har ta tashi. Tarakta mai giyar mai ba ta tashi da turi. In ma aka ja ta nesa inji a kashe, ana iya ƙona cikinta, domin ƙaramin famfon da ke ba ta mai ba ya aiki sai inji na juyawa.

ITA MA TA HAƘORI TANA DA LAGO

Kada wani ya ɗauka muna cewa giyar haƙori ba ta mutuwa. Lagonta kuloci ne, kuma direba ne ke kashe shi. Yaron da ke ɗora ƙafa a kan feda yana huɗa, ko yake sassauta kuloci rabi-rabi don garma ta fita daga inda ta kafe, zai cinye faifan kuloci a damina ɗaya. Wanda ke cusa giya tarakta na tafiya, a irin waɗanda aka yi su don a tsaya kafin a canja, shi kuma haƙora yake karyawa. Ga lodin da ya wuce kima, a cika tirela da buhunan masara ko yashi, a fizge ta a hawa. Ga kuma ruwan fadamun shinkafa irin na Nasia da Fumbisi, wanda in ya sami hanya ya shiga akwatin giya sai man ya koma fari kamar madara, tsatsa ta kama boris.

A nan giyar mai ta yi zarra. Ba ta da kulocin da ɗan koyo zai ƙona, kuma tana da bawul da ke sakin matsi in kaya ya fi ƙarfinta, maimakon wani ƙarfe ya karye. A aikin gaba da baya, kamar kwasar taki ko yashi da cokalin gaba, ko aiki a lambu da tsakanin itatuwan mangwaro da kashu, ta fi sauƙi ta kuma fi daɗewa ba a taɓa ta ba. Yawancin injinan girbin shinkafa na zamani da ita suke tafiya, saboda girbi yana son a rage sauri ko a ƙara gwargwadon kaurin shuka, ba tare da an taɓa gudun inji ba. Ashe ke nan ba mugun abu ba ce, kowacce da inda aka yi ta domin shi.

RANAR DA TA LALACE FA?

A ganinmu, ƙarko ba ya tsaya ga daɗewar ƙarfe kawai ba. Har da kwana nawa tarakta za ta yi a kwance in ta lalace. A arewacin ƙasar nan damina ɗaya ce, lokacin huɗa kuwa 'yan makonni ne. Shi ya sa masu taraktoci na Ejura, bayan sun gama huɗar farko a wajensu, suke haurawa arewa su bi ruwa. Wanda taraktarsa ta kwanta mako uku a watan Yuni, ba kuɗin gyara kaɗai ya yi asara ba. Shekarar ce ta tafi, da shi da manoman da suka ba shi kafin alƙalami suna jira.

In kulocin Massey ya ƙone, makanike zai raba ta biyu a gindin bishiya, a aika Tamale ko Suame Magazine ta Kumasi a kawo faifai, sabo ko na hannu, kwana biyu ko uku ta koma gona. In famfon haidiro ya karce kuwa, ba aikin gindin bishiya ba ne. Yana son ɗaki mai tsabta, da ma'aunin matsi, da wanda ya koyi aikin. Sau da yawa ma ba a gyarawa, sai dai a canja duka, kuma ga samfurin da ba shi da dillali a ƙasar nan sai an yi odar kayan daga waje, a jira jirgi da kwastan.

Muna da darasi a gida. Tun 2007 gwamnati ta fara kafa cibiyoyin hayar tarakta da ake kira AMSEC, inda aka ba 'yan kasuwa sababbin taraktoci bashi. Masu giyar haƙori ne, amma duk da haka da dama sun kwanta tun ba a je ko'ina ba, saboda ƙarancin kayan gyara da ƙwararrun direbobi da rashin kula. A lokaci guda kuwa tsofaffin Massey da aka shigo da su na hannu suna ta aiki, don kowane makanike ya san cikinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

SHAWARARMU

Wanda zai sayi tarakta don huɗar haya da jan tirela, ya nemi mai giyar haƙori, daga samfurin da kayansa ke kasuwa. Kafin ya biya, ya je da makanikensa, a zare ma'aunin man giya a duba launinsa, a gwada kowace lamba a ji ko tana fita da kanta, a kuma ɗaura garma a shiga gona da ita. Sa'an nan ya kashe kuɗi a kan direba kamar yadda ya kashe a kan ƙarfe, domin direban banza ya fi ƙura ɓarna.

Wanda kuma ya riga ya mallaki mai giyar mai, kada ya karaya, amma ya ba ta aikin da ya dace da ita. In dole ne ta ja kaya mai nauyi, a sa ta a zangon ƙasa, inji na gudu sosai. A busa lagireton mai kullum, a ajiye mata galan da mazurari nata na kanta a rufe, a tanadi matacin mai tun kafin ruwa ya sauka, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. In za a sayi ta hannu, kada a yarda da gwajin sanyin safiya. A bar ta ta yi aiki awa guda man ya yi zafi, sa'an nan a gwada ta a hawa.

Ga 'ya'yanmu da ke ƙasashen waje kuwa, Allah ya saka da alheri, amma a yi shawara da gida tukuna. Ƙaramar taraktar da aka yi don yankan ciyawa da kwashe ƙanƙara a Amurka ba ita za ta huɗa eka ɗari a Gushegu ba, komai ƙyallinta da arahar da aka samu. A tambayi makanikan gida sunan samfurin da lambarsa kafin a loda. In sun ce ba su san ta ba, ya fi alheri a aiko da kuɗin a saya a nan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa abin da muka saya ya amfane mu, amin.