Takin Kududdufi da Ciwon Tsargiya

Jama'ar Surko, in damina ta yi nisa wani ɗan mitsitsin ganye yakan rufe kududdufi. Ba kainuwa ba ce, sunansa azola. Cikin mako guda yakan ninka kansa, da rani ya yi ja ya bushe. Waɗansu ƙwayoyi cikin ganyensa suna jawo naitrojin daga iska, wato abincin shuka irin na takin yuriya. Manoman shinkafa a Sin sun daɗe suna taki da shi.

To, ku binne shi a gona. Amma a jawo shi daga gaɓa da manjagara, ya sha rana. Kada a tura yara cikin ruwan, gama dodon koɗi mai yaɗa tsargiya yana nan. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ya hanzarta zuwa asibiti. Akwai magani.