Yeng Guiao, Mai Horar da 'Yan Ƙwallon Kwando

A can gabas mai nisa, a cikin babban teku, akwai wata ƙasa da ake kira Filifin. Ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce, tsibirai ne fiye da 7,000, babban birninta kuwa shi ne Manila. Mutanen ƙasar nan ba su da wasan da suke so kamar ƙwallon kwando. Amurkawa ne suka kai musu shi bayan da suka karɓi mulkin ƙasar daga hannun Sifaniyawa a 1898.

Ga yadda ake yin wasan. Mutum biyar ne a kowane gefe. Da hannu ake buga ƙwallo, ba da ƙafa ba. A kowane ƙarshen fili akwai wani zobe mai raga, an kafa shi ƙafa 10 daga ƙasa, shi ne kwandon. Kowane gefe yana ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin kwandon abokan karawarsa. Dogo ya fi jin daɗin wasan nan, Filifinawa kuwa galibinsu ba dogaye ba ne, amma wannan bai hana su ba. A 1954 su ne suka zo na uku a gasar duniya da aka yi a Barazil.

Arewa da Manila akwai wani lardi mai suna Pampanga, ƙasar shinkafa da rake. Ɗan wannan lardi ne Yeng Guiao, wanda aka haifa a 1959. Ubansa ya taɓa zama gwamnan lardin. Yeng ya buga ƙwallon kwando yana ɗalibi a jami'a, amma ba a nan ya yi suna ba. A wajen koya wa wasu ne baiwarsa ta fito.

A 1990 ya fara horar da ƙungiya a babbar gasar ƙasar, wadda ake kira PBA. Bayan shekara biyu ƙungiyarsa ta ci kofi. Yana da wata ɗabi'a wadda ta bambanta shi da sauran. Masu horarwa da yawa sukan dogara ga gwanaye biyu ko uku, sauran su wuni a kan benci suna kallo. Shi kuwa kusan kowa sai ya sa shi ya buga. Saboda haka yakan ɗauki samarin da aka raina, ya hore su, har su kayar da ƙungiyoyi masu kuɗi. Kofi 7 ya ci a wannan gasa, da ƙungiyoyi uku dabam dabam. Amma fa mutum ne mai saurin fushi. Sau da yawa an ci shi tara saboda faɗa da alƙalan wasa.

A 2001 ya shiga majalisar lardinsu. A 2004 aka zaɓe shi mataimakin gwamna, watau shi ne ke shugabantar zaman majalisar da ke tsara dokokin lardi da kasafin kuɗinsa. Ya yi shekara tara a kan kujerar nan, iyakar abin da doka ta yarda mutum ya yi a jere ke nan. Duk wannan lokaci bai bar horar da 'yan wasa ba, yana kai da kawowa tsakanin Pampanga da Manila. A 2013 kuma jama'a suka tura shi majalisar wakilai ta ƙasa.

Ba kullum yake samun nasara ba. A watan Mayu na 2016 ya sha kaye a zaɓe, ko da yake a cikin watan nan ne ƙungiyarsa ta ci kofi. A 2019 ya kai 'yan wasan ƙasarsa gasar duniya a Sin, aka cinye su a duk wasa biyar da suka buga. Da ya koma gida sai ya ajiye wannan aiki.

Akwai wani abu da ya yi yana ɗan majalisa wanda ya fi kofi amfani. Wata doka ta 1990 ta ce hukumar da ke kula da gidajen caca ta riƙa ba hukumar wasanni kashi 5 cikin 100 na kuɗin da take samu. Da kuɗin nan ake ciyar da 'yan wasan ƙasa, a saya musu kayan wasa, a biya musu kuɗin jirgi. To, ashe shekara da shekaru abin da ake bayarwa bai kai rabin wannan ba. A 2016 Guiao ya kai ƙara Kotun Ƙoli. Shari'a ta yi ta jan jiki har shekara takwas, shi kuwa ya daɗe da barin majalisa. A 2024 kotu ta ce shi ne da gaskiya, ta umarci hukumar cacar ta riƙa biyan kashi biyar ɗin cif, ta kuma biya bashin da ya taru tun daga 1993.