Mai jin harshe biyu ba ya rasa aiki a Damargu

Ranar kasuwa a Belbeji, kunne yana jin harsuna da yawa. Ga hausa, ga tamajak na Buzaye, ga fillanci, ga barbarci, ga larabci. Yara da yawa sun tashi da biyu ko ukku. Wannan sana'a ce a hannunsu, amma wasu ba su sani ba.

Ku dubi dillalin dabbobi. Buzu ya kawo raƙumi, mai saye ya zo daga Kano. Ba su jin juna. Dillali mai jin tamajak da hausa shi ke ƙulla ciniki, ya karɓi la'adarsa.

Aikin da ya fi nauyi shi ne na tafinta. Da kaka, shanu sun shiga gonar hatsi, an kai ƙara gaban sarki ko alƙali. Manomi yana magana da hausa, makiyayi da fillanci. In tafinta ya rage magana ko ya ƙara mata gishiri, sai a ɗora wa mutum diyyar da bai ci ba, rigima ta tashi. Shi ya sa ba kowa ake ba aikin nan ba, sai mai amana. Haka a gidan likita: uwa ta kawo ɗanta, an ce ƙwaya ɗaya safe da marece. In an fassara ba daidai ba, yaro ne zai sha wuya.

Akwai kuma koyarwa. Tun 1973 aka fara karantar da yara da hausa a wata lakkol ta gwaji a Damagaram. Ajin yaƙi da jahilci yana son malami mai jin harshen ɗalibansa. Gidan radiyon Muryar Sahel da radiyoyin karkara suna ɗaukar masu ba da labari da harsunan ƙasa.

A 2025 gwamnati ta mai da hausa harshen ƙasa, faransanci da ingilishi kuma harsunan aiki. Matatar man fetur ta SORAZ, da aka buɗe a 2011 kan hanyar Tanut, ana aiki a cikinta tare da ƴan ƙasar Sin.

Sai dai baki kaɗai ba ya isa. Ofis yana tambayar takarda. Dillali yana iya aiki ba karatu, amma malami da ɗan radiyo dole su iya rubuta harshen da suke ji.