Wa ke riƙe da makullin fayilolin ƙananan hukumominmu?

Tun daga ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, muhawarar da ake tafkawa ta tsaya ne a kan kuɗi: nawa za su shigo, ta wane asusu, wa zai sa hannu. Ban ji ana tambayar inda jerin sunayen waɗanda za a biya yake zaune ba. Albashin malaman firamare da ma'aikatan asibitin shan magani, sunayen manoman da za a raba wa taki, rajistar masu haihuwa, sakamakon jarrabawar ɗalibai, da yawansu yanzu fayiloli ne a cikin kwamfuta. Duk wanda yake da ikon buɗe fayil ɗin albashi ya ƙara suna ɗaya, ya taɓa baitulmali ko da bai taɓa ganin takardar cakin banki ba. Wannan magana ta shafi dukkan ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, amma ta fi nauyi a kudancin jihar, irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, saboda wani dalili da zan zo kansa.

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati sun san wannan matsala tun kafin zuwan kwamfuta, kuma sun yi mata tanadi. Kowace ma'aikata tana da rajista iri biyu, buɗaɗɗiya da ta sirri. Fayil ba ya fita sai an rubuta a littafi wanda ya nema da ranar da ya karɓa, masinja ya kai, a sa hannu. Akwai fayil ɗin da akawu zai ɗauka ya kai amma ba shi da hurumin buɗewa, akwai wanda zai karanta amma ba zai yi rubutu a ciki ba. Tsarin yana da jinkiri, kuma ba ya hana fayil ɓata idan an so ya ɓata, amma ya amsa tambayoyi uku da ba su tsufa ba: wa zai gani, wa zai gyara, wa zai ba wani izini.

Su ne tambayoyin da masu ƙera manhajar kwamfuta suka tarar. A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a ɗakunan bincike na Bell a Amurka a 1969, kowane fayil yana ɗauke da izini iri uku, wato karantawa da rubutawa da zartarwa, kuma an kasa mutane gida uku: mai fayil, da 'yan rukuninsa, da sauran jama'a. Uku sau uku tara, maɓallai tara ke nan da ake kunnawa ko a kashe. An ba karantawa lamba 4, rubutawa 2, zartarwa 1, don haka idan aka ce izinin fayil 640 ne, ana nufin mai shi zai karanta ya gyara, 'yan rukuninsa su karanta kawai, sauran jama'a kuwa ko leƙe babu. Lambar 777 kuma ma'anarta kowa ya yi abin da ya ga dama. Duk malamin da ya koyar da wannan darasi ya san cewa ita ce lambar da ɗalibi yake rugawa gare ta da zarar manhaja ta ƙi aiki, kuma aikin yakan tafi nan take, kamar yadda shiga ɗaki yake sauƙi idan an cire ƙyauren gaba ɗaya.

Gida uku sun yi wa ofis kaɗan. A ce ma'aji yana so mai binciken kuɗi ya karanta fayil ɗin albashi, akawu biyu su iya gyarawa, na ukun da aka dakatar kuma a hana shi baki ɗaya. Nan ne jerin masu izini yake shigowa: wani ɗan kundi da ke manne da kowane fayil ko jaka, mai ɗauke da sunan kowane mutum ko rukuni da iyakar abin da aka yarje masa. Windows tana da shi tun 1993 a tsarin ajiyarta na NTFS, Linux ma tana da nata. Ƙa'idar cika wannan jeri kuwa tsohuwa ce. Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun rubuta ta a 1975, cewa kada a ba kowa iko fiye da abin da aikinsa yake bukata.

Abin da yawancin masu amfani da kwamfuta ba su sani ba shi ne, wannan jeri yana zaune ne a jikin faifan ajiyar kwamfutar, ba a cikin fayil ɗin ba. Kwaɗo ne a ƙofar rumbu, ba ɗinki a bakin buhu ba. Da zarar an fitar da buhun, kwaɗon yana can inda aka baro shi.

Ga dalilin da ya sa na ce maganar ta fi nauyi a kudu. Hedikwatar Doguwa tana Riruwai, garin ma'adinai na can ƙuryar jihar. Jami'in da aka ce ya kawo bayanai Kano sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya faɗo Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, sannan ya hau titin Zariya zuwa birni. Tafiya ce ta sa'o'i, kuma a inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, wuta ma haka, babu mai dogara da tura babban fayil daga teburinsa. Abin da ake yi sananne ne: a tattara jakar gaba ɗaya, a dunƙule ta cikin ƙunshin ZIP don ta rage nauyi, a zuba a filash, a jefa aljihu. Ko kuma a tura ta WhatsApp ga wani abokin aiki ya buga a birni. Babu mugun nufi a cikin wannan, hasali ma ƙwazo ne. Amma ƙunshin ZIP da Windows take haɗawa ba ya ɗaukar jerin masu izini, kuma mafi yawan filash an tsara su ne da FAT32 ko exFAT, waɗanda ko gurbin ajiye irin wannan jeri ba su da shi. Fayil ɗin da mutum uku kaɗai ke iya buɗewa a sakatariya, kafin motar ta kai Falgore ya zama na duk wanda filash ɗin ya faɗa hannunsa. Idan an tsaya shagon buga takardu a Tudun Wada ko Tiga aka kwafa shi kan kwamfutar shagon don a buga shafi biyu, to kwafin yana nan bayan mai shi ya tafi, kuma izinin da ke kansa yanzu na shagon ne.

Kwafin ajiya, wanda ake yi don gudun asara, shi ma ta wannan ƙofar yake yoyo. Ofis zai ƙulle fayilolinsa tsaf, sannan duk ƙarshen wata a dunƙule komai a zuba a faifan waje, a ajiye a durowar da makullinta ke rataye a ƙusa. An tsare asali, an bar kwafi a fili, alhali abin da ke cikinsu ɗaya ne.

Ko a Linux, inda ƙunshin tar ya saba riƙe maɓallan nan tara da sunan mai fayil, cikakken jerin masu izini ba ya shiga sai an umurci manhajar musamman da ta haɗa da shi, a lokacin ƙunsawa da lokacin kwancewa. Akwai kuma wani tarko bayan wannan. Kwamfuta ba ta san Malam wane ba, lamba ta sani. Idan aka mayar da ƙunshin kan sabuwar na'ura, lambar da ke nufin ma'aji a tsohuwar tana iya zama ta wani dabam, ko ta zama ba ta kowa ba. A hali na farko baƙo ya gaji izinin ma'aji, a na biyu masu fayil sun tsaya a waje suna kallon kayansu. Shi ya sa kwafin ajiyar da ba a taɓa gwada kwancewa a wata na'ura an duba wa ke iya buɗe me ba, sunansa kawai ajiya.

Maganin fayil mai tafiya shi ne a rufe abin da ke cikinsa da kansa, wato ɗinkin bakin buhu. Manhajar 7-Zip kyauta ce, kuma tana rufe ƙunshi da tsarin AES-256, har sunayen fayilolin ciki tana iya ɓoyewa. BitLocker na Windows yana rufe filash ɗungurungum. Sharaɗin shi ne kalmar sirrin ta bi wata hanya dabam, kada a rubuta ta a jikin ambulan ɗin da filash yake ciki, kada kuma ta zama sunan ƙaramar hukumar da shekarar da ake ciki. Wannan rufin ne kaɗai ke da amfani idan an sace kwamfutar, domin mai faifai a hannu yana iya jona shi da tasa na'urar ya tsallake jerin masu izini cikin 'yan mintoci.

Sai dai duk wannan fasaha tana komawa ne ga tambayar wa aka sa a jerin, kuma wa aka manta ba a cire ba. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a XZ Utils, manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace Linux. Wanda ya dasa ta, mai amfani da sunan Jia Tan, bai fasa komai ba. Ya shafe kimanin shekara biyu yana taimaka wa mai kula da manhajar har aka amince da shi aka ba shi izinin gyara da fitar da sabon ƙunshi, kuma a cikin ƙunshin da ake rabawa ya cusa wani sashe na dabarar. A nan gida, a shekarar dai, 'yan jarida da ƙungiyar Paradigm Initiative sun nuna cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan lambar shaidar ɗan ƙasa a kan kuɗi ƙalilan, yayin da hukumar NIMC ta ce ba a kutsa rumbunta ba. Idan duka biyun gaskiya ne, ma'anarsa bayanan sun fita ta ƙofar da aka buɗe wa wani bisa ƙa'ida. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A ƙaramar hukuma abin ya fi haka sauƙin faruwa. Sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne yake kafa kwamfutocin ofis, shi ke riƙe da babban izini, bayan shekara guda ya koma jiharsu da kalmar sirrin a kansa. Jami'i zai samu sauyin wurin aiki daga Bebeji zuwa wata ƙaramar hukumar, asusunsa na nan a buɗe. Mafi muni shi ne ofishin da kowa ke shiga da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, domin ranar da aka ga baƙon suna a takardar albashi, kwamfuta za ta shaida cewa “ofis” ne ya saka shi, kuma ofis ba ya amsa tuhuma.

Doka ba ta bar wannan ga ganin dama ba. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane, har da hukumomin gwamnati, nauyin tsare su, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin sa'o'i 72 idan an samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Bayanan lafiya suna cikin waɗanda dokar ta keɓe da ƙarin kariya. Filash ɗin da ya faɗi a tasha ɗauke da rajistar masu karɓar magani ɓaraka ce a idon wannan doka, ko da babu ɗan kutse ko ɗaya a labarin.

Ina da fargaba guda. Ma'aikacinmu yana son kalmar “sirri”, kuma ba wuya ya mayar da wannan nasiha hujjar rufe abin da bai kamata a rufe ba. Amfanin raba izini gida-gida shi ne karantawa dabam, gyarawa dabam. Kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, da jerin kwangiloli, da adadin takin da aka ware wa kowace mazaɓa, abubuwa ne da ya kamata manomin Kiru ko malamin makaranta a Riruwai ya iya karantawa, kuma ruhin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ke nan. Hannun masu gyarawa ne za a taƙaita, kuma kowane gyara ya bar sawu. Rajistar marasa lafiya da lambobin asusun ma'aikata su ne ake rufewa ta fuska biyu. Abin da aka fi gani shi ne akasin haka, kasafi a kulle, rajistar asibiti tana yawo a waya.

Gyaran ba ya bukatar kwangila ko sayen sababbin na'urori. Kowane ma'aikaci ya shiga da nasa sunan. Babban izini ya kasance a hannun mutum biyu na dindindin, a rubuta kalmarsa a rufe cikin ambulan a ajiye a akwatin ƙarfe na ma'aji. Takardar miƙa aiki kuma, wadda har yau take lissafa teburi da kujeru da fanka da makullan ofis, a ƙara mata shafi guda: asusun da mai barin gado yake shiga, jakunkunan da yake iya gyarawa, yawan kwafin ajiyar da ke hannunsa da inda suke, da ranar da aka cire sunansa daga jerin, tare da sa hannun wanda ya cire.